Wa Ke Da Kamfanin? Martani Ga Mai Cewa A Bar Kaza Cikin Gashinta

Wani marubuci mai fili a wata jaridar ƙarshen mako ya yi wa Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Najeriya, CAC, wankin babban bargo kwanan baya. Laifinta a wurinsa shi ne shiga sharo ba shanu. A cewarsa, aikin hukumar bai wuce ta karɓi abin da ɗan kasuwa ya rubuta, ta adana, ta miƙa masa takardar shaida ba. Batun a ce sai an gwada sunan mai kamfani da lambarsa ta NIN, ko a bi diddigin wanda ke riƙe da wuƙa da nama a bayan fage, duk ƙarin wahala ce da Turawa suka jibga mana. Ya ce kundin gwamnatin da za a gwada da shi ma cike yake da kura-kurai, kuma manyan ɓarayi ba da sunansu suke rajista ba, saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa ne kawai zai ji a jikinsa. Ya kawo Ingila a matsayin abin koyi, inda ya ce a yini guda ake buɗe kamfani ba tare da an tsare mutum da tambayoyi ba, sannan ya ba da shawarar a bar kaza cikin gashinta.

Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma duk wanda ya taɓa zaryar gyaran harafi ɗaya a sunansa zai gyaɗa kai. Sai dai marubucin ya ɗauki takardar CAC tamkar rasit, alhali shaida ce. Da ita banki ke buɗe asusu, da ita ma'aikata ke ba da kwangila, da ita ake karɓar lasisin haƙar ma'adinai, ita kuma alƙali ke dubawa idan rigima ta tashi. Duk waɗannan ba ɗan kasuwar suka yarda da shi ba, hatimin gwamnatin da ke jikin takardar suka yarda da shi. Idan gwamnati ta buga hatiminta a kan maganar da ba ta bincika ba, to ta yi shaidar abin da ba ta gani ba, kuma mutanen da suka dogara da shaidar su ne za su kwana ciki.

Najeriya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi, kuma da tsada. A ranar 24 ga Afrilun 1998 aka yi wa wani kamfani mai suna Malabu Oil and Gas rajista. Kwana biyar kacal bayan haka, kamfanin da bai taɓa haƙa ko rijiyar ruwa ba ya samu OPL 245, wani yanki a cikin teku da ake ƙiyasta yana ɗauke da gangar mai biliyan 9. Wanda ya ba da yankin shi ne ministan man fetur na gwamnatin Janar Sani Abacha, Dan Etete. A takardun rajistar kamfanin akwai wani mai kashi 30 cikin 100 da aka rubuta sunansa Kweku Amafagha. Babu wanda ya nemi ganin fuskar wannan bawan Allah a lokacin. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sunan lulluɓi ne da ministan ya ɓuya a bayansa. Etete ya yi ta nanata cewa shi mai ba kamfanin shawara ne kawai, amma a 2013 wata babbar kotu a Landan ta yanke cewa tun ranar da aka kafa Malabu yake da babban rabo a cikinsa. Wato minista ya ɗauki dukiyar ƙasa da hannun dama ya miƙa wa hannun hagu, kundin gwamnati kuma ya rubuta cewa wani mutum ne daban ya karɓa.

A 2011 kamfanonin Shell da Eni suka biya dala biliyan 1.3 domin mallakar yankin, kusan biliyan 1.1 daga ciki ta bi ta asusun gwamnatin tarayya ta faɗa hannun Malabu. Shari'o'i suka ɓarke a Abuja da Landan da Milan. Kotun Milan ta wanke Shell da Eni a 2021, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma shekara ashirin da ɗoriya aka kwashe ba a fara fitar da mai daga wurin ba, ita kanta tambayar su wane ne masu hannun jari a fayil ɗin Malabu sai da ta zama abin jayayya a gaban alƙalai. Tsarin da marubucin ke kewa, na karɓa a adana ba tambaya, shi ne tsarin da ke aiki a watan Afrilun 1998.

Ingilar da ya yaba kuwa, da ya ƙara bincike kaɗan da bai kawo ta ba. Gaskiya ne a baya an daɗe ana buɗe kamfani a can ta intanet da fam 12, kuma a lokacin hukumar rajistarsu, Companies House, ba ta da hurumin tantance abin da aka rubuta mata. Sakamakon ya zama abin kunya. Bayan ƙasar ta buɗe kundin ainihin masu kamfanoni a 2016, ƙungiyar Global Witness ta tace shi, ta tarar an rubuta kalmar da ke nufin ɗan Birtaniya ta hanyoyi sama da 500. A 2018 ta sake dubawa ta samu kimanin masu kamfani 4,000 da ba su kai shekara biyu a duniya ba. Lokacin da asirin reshen bankin Danske na ƙasar Estoniya ya tonu, inda kuɗi kimanin yuro biliyan 200 suka ratsa tsakanin 2007 da 2015, yawancinsu abin zargi, sai aka ga da yawa daga masu asusun kamfanonin takarda ne masu rajistar Birtaniya.

Akwai wani ɗan kasuwa a can da abin ya dame shi har ya yanke shawarar nuna wa hukuma ramin da idonta. A 2013 ya buɗe kamfani ya sa sunan ministan kasuwanci na lokacin, Vince Cable, a matsayin darakta, ba da saninsa ba, sannan ya kai ƙarar kansa. Rajistar ta wuce sumul. Ya sake yi a 2016 da sunayen wasu 'yan siyasa. Ladan da ya samu shi ne gurfanarwa a 2018 da biyan sama da fam 12,000, gwamnati kuma ta fitar da sanarwa tana alfahari cewa wannan ne karon farko da aka hukunta wani kan ba da bayanan ƙarya. Wanda ya yi ihun ɓarawo shi aka fara kamawa. Daga ƙarshe dai Birtaniya ta saduda: ta yi doka a 2023 da ta ba hukumar ikon tuhumar bayanai da goge na ƙarya, kuma daga 18 ga Nuwamban 2025 tantance daraktoci da masu iko da kamfani ya zama tilas. Marubucin yana kiran Najeriya zuwa gidan da masu shi suka riga suka tashi.

Kukan wahala kuma ya taso ne daga rashin fahimtar yadda gwajin ke gudana. Ba jami'i ne zai zo shago da littafi ba. A Denmak, mutum na shigar da lambarsa ta ɗan ƙasa kwamfuta ke tambayar kundin jama'a da kundin adireshi: akwai mai wannan lamba, yana raye, gidan da ya ambata akwai shi? Mamaci ba ya samun rajista. Austiriya ma haka take gwada sunaye da kundin mazauna ƙasa. A Najeriya duk mai son rajista ya riga ya saba: ya shiga shagon kwamfuta a Kano ko Kaduna, yaron da ke kan na'ura ya ce "Alhaji, kawo NIN ɗinka da hoton sa hannu," ya buga lambobi goma sha ɗaya, suna da ranar haihuwa su fito. Idan komai ya dace, kafin Alhaji ya gama amsa waya an wuce wurin. Wanda ya rubuta gaskiya bai ƙara taku ɗaya ba. Wanda ya ƙirƙiro Kweku Amafagha shi ne zai tsaya cak.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwancin Bahaushe. A karar Wudil ko Potiskum, baƙo ba ya jawo sa ya sayar haka kawai. Sai da dillalin da ya san shi, wanda idan gobe aka ce san na sata ne shi za a riƙe. Ba wanda ya taɓa kiran wannan al'adar Turawa, ba kuma wanda ya ce tana kashe ciniki. Ita ce ma ke sa mutum ya zare kuɗinsa hankali kwance.

Hujjar marubucin ta biyu, cewa kundin gwamnati ba shi da tsabta, tana da ƙamshin gaskiya. Mutum guda yana iya zama Muhammad a NIN, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar makaranta, Mamman a bakin 'yan unguwa. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe, wani ya sa na kakansa. Dattawa da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa domin ba wanda ya riƙe ainihin ranar. Rajistar mutuwa kuwa rauninta a fili yake. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne a gina gwajin a kan lamba da hoton yatsa maimakon harafi, kuma saɓanin rubutu ya zama dalilin tambaya da gyara cikin sauƙi, kada ya zama dalilin kora. Ba ya nuna a daina gwajin. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta gwada jerin masu karɓar albashi da lambobin BVN, ta cire sunaye 23,846, abin da ya rage wa baitulmali naira biliyan 2.29 a kowane wata. A lokacin BVN shekararsa biyu da farawa, bai kai rabin tsabtar da yake da ita yau ba, jerin albashin kuma kowa ya san halinsa. Kundi biyu masu datti aka haɗa, kowanne ya tona ɗan'uwansa. Yanzu masu NIN sun haura miliyan 100, masu BVN sun haura miliyan 60, kuma tun 2020 takardar CAC ke fitowa da lambar haraji a jikinta. Kayan aikin suna nan a ajiye.

Inda marubucin ya fi ƙarfi shi ne batun aron suna, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Babban mutum ba zai rubuta sunansa ba. Zai sa direbansa, ko ƙanen matarsa, ko yaron gidansa. Direban mutum ne na gaske, NIN ɗinsa na gaske, hotonsa na gaske. Kwamfuta za ta ce komai daidai. To me aka yi ke nan?

An yi abu babba, ko da a nan aka tsaya. Sunan ƙirƙira ba ya magana, ba a aika masa sammaci, ba ya yin fushi. Direba kuwa yana da gida da lambar waya, ana iya zaunar da shi a tambaye shi ina ya samu naira miliyan 500 da ya zuba a jari, kuma ranar da aka kore shi daga aiki bakinsa na iya buɗewa. Mai ɓoye dukiya ya tashi daga ƙarya marar tsada ya koma ƙaryar da sai ya ciyar da ita kullum. Sannan ba a NIN kaɗai gwajin ya kamata ya tsaya ba. Idan kundin CAC ya ce direba ne mai kamfani, amma takardun banki suka nuna wani ne daban ke sa hannu a fitar da kuɗi, an samu saɓani. Idan wanda bai taɓa biyan harajin kwabo ba ya bayyana a matsayin mai kamfanoni goma sha biyar masu kwangilar gwamnati, an samu saɓani. Idan kamfanoni uku da suka yi takarar kwangila guda suka fito da lambar waya ɗaya da adireshi ɗaya, ba sai an kira boka ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke hujjar laifi, amma kowanne yana nuna wa mai bincike ƙofar da zai ƙwanƙwasa, maimakon ya tsaya gaban miliyoyin fayiloli yana lalube. Ƙasar Sulobakiya ta ƙara wani mataki tun 2017: duk kamfanin da zai ci kuɗin gwamnati sai lauya ko banki ko mai binciken kuɗi ya tsaya masa cewa ga ainihin mai shi, wanda ya tsaya ɗin kuma yana cikin alhaki, idan aka kai ƙorafi kotu kamfanin ne zai kawo hujjar cewa gaskiya ya rubuta.

Abin mamaki shi ne marubucin ya yi magana da sunan talaka, amma ya manta cewa talakan shi ne direban. Shi ake cewa "kawo katinka za a sa ka cikin tallafi," ya miƙa yana godiya, bayan shekaru a zo da takardar bashi ko ta haraji da sunansa, ko jami'an EFCC su yi masa sallama da asuba. Tsarin da zai aika saƙo zuwa wayar mai NIN ya ce an sa ka darakta a kamfani kaza, ka amince ko ba ka amince ba, shi ya fi kowa amfana da shi. Haka marayu. Sau nawa ake ganin Alhaji ya rasu, a zo rabon gado, sai a tarar kamfanin da kowa a kasuwa ya san nasa ne yana ɗauke da sunan ɗan'uwansa ko babban yaronsa, wanda aka sa don amana shekaru talatin baya? Idan mai amanar ya ji tsoron Allah, an huta. Idan bai ji ba, takarda tana gefensa, matan mamaci da 'ya'yansa kuma sai yawon kotu. Addinin da yawancin 'yan kasuwar nan ke bi ma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kundin da ke rubuta ainihin mai dukiya, aka kuma tabbatar da shi tun yana raye, gata ne ga magada.

Tsoron da marubucin ya ambata a gefe, cewa bayyana masu kamfanoni zai nuna su ga masu garkuwa da mutane, ba abin wasa ba ne, musamman a Arewa. Sai dai ya cakuɗa abu biyu. Tantancewa tsakanin hukuma da hukuma take faruwa. Wallafawa ga duniya wani batu ne daban. Kotun Tarayyar Turai ta taka wa buɗe kundin masu kamfanoni ga kowa da kowa burki a Nuwamban 2022 saboda sirrin mutane, amma ba ta ce a daina tabbatar da bayanan ba. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ana iya ɓoye adireshin gida da lambar waya da cikakkiyar ranar haihuwa, a bar suna da girman hannun jari. Wanda ke son a yi muhawara kan abin da za a nuna wa jama'a yana da abokan tafiya da yawa. Wannan ba ya ba shi lasisin cewa ita kanta hukumar ta zauna cikin duhu.

Zancen cewa Turawa ne suka ɗora mana kuwa, rabinsa gaskiya ne, kuma rabin ba ya taimakonsa. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin buɗe irin wannan kundi a taron yaƙi da rashawa na Landan a Mayun 2016. Hukumar NEITI ta fara da na kamfanonin mai da ma'adinai a Disambar 2019. Dokar kamfanoni ta CAMA da aka sa wa hannu a Agustan 2020 ta wajabta bayyana duk mai iko da kamfani, ma'aunin Najeriya kuma kashi 5 cikin 100 ne, ya fi na Birtaniya mai kashi 25 tsauri nesa ba kusa ba. CAC ta buɗe kundin ga jama'a a Mayun 2023. A tsakanin haka hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram ta duniya ta tsaurara ƙa'idarta a Maris 2022, ta ce bai isa a tara sunaye ba sai an tabbatar da su, sannan ta jefa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023. Nauyin wannan jeri ba a kan minista yake sauka ba. A kan ɗan Kantin Kwari yake sauka, wanda zai tura kuɗin kaya Guangzhou ko Dubai bankunan waje su riƙe suna ta tambayoyi. An cire Najeriya a Oktoban 2025, kuma komawa ga shawarar marubucin hanya ce miƙaƙƙiya ta sake shiga.

Idan CAC na da laifi, kishiyar wanda aka ɗora mata ne: gwajin bai yi nisa ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce duk mai neman kwangila ya haɗa da takardar rantsuwa da ke bayyana ko wani jami'in ma'aikatar darakta ne ko mai hannun jari a kamfaninsa. Tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci in ban da noma, ya kuma tilasta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Rantsuwar tana wani ofis, fom ɗin kadarorin yana wani, jerin albashi na IPPIS yana wani, kundin masu kamfanoni yana CAC, kuma kusan duk mutanen da ke cikinsu suna da NIN da BVN. A ɗauki lambobin masu kamfanonin da suka ci kwangilar tarayya a shekara guda, a gwada su da lambobin ma'aikatan da ke karɓar albashi a ma'aikatun da suka ba da kwangilar. Aikin da ma'aikatar kuɗi ta yi ne a 2016, da kundi daban, kuma ba ɗan tireda ko mai POS ko ɗaya da za a tayar daga kan bencinsa kafin a gama shi.